Ɗana mai wata huɗu ya daina barcin dare, kuma har yanzu bai fara zama ba

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ta aiko da tambaya kan ɗanta na fari, mai wata 4 da mako guda. Ta ce da can yakan yi barcin awa huɗu har biyar a jere da dare, amma tun shigowar zafin nan ya koma farkawa kusan kowace awa, kuma ba ya komawa sai da nono a baki. Surukarta ta ce, "Yaron ga bai ƙoshi, a fara ba shi kunu da ruwa." Wata maƙwabciya kuma ta ce ta sayo sirof ɗin mura a kemis, yana sa yara barci. Ga shi 'yar maƙwabtansu da suka yi arba'in tare an riga an zaunar da ita, nata kuwa da an zaunar da shi sai ya kife. Tana tambaya ko wani abu ne ke damunsa.

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. A duk bayanin da kika yi babu abin da ya nuna cuta. Abin da kika kwatanta shi ne yaro mai wata huɗu a tsakiyar bazarar Sakkwato, kuma irinsa muke gani kullum a ɗakin duba yara. Zan faɗa miki abin da za ki duba da idonki a gida, da abin da in kin gani asibiti za ki nufa kai tsaye.

Maganar sirof ce ba ta jiran gobe, don haka da ita zan fara. Don Allah ki bar ta gaba ɗaya. Yawancin magungunan mura da tari da ake sayarwa a kemis suna ɗauke da sinadari mai kashe jiki, irin wanda ke cikin Piriton, kuma ba don jarirai aka yi su ba. Yaro zai yi lis, ya kasa kama nono da ƙarfi, numfashinsa na iya raguwa, wani kuma maimakon barci sai ya ƙara rikicewa da kuka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in wata rashin lafiya ce ke tasowa, maganin zai lulluɓe ta har sai ta yi nisa. Mun sha karɓar jariri da asuba an kasa tada shi, in an bi diddigi sai a tarar wani abu aka ɗura masa da dare don uwa ta samu ta runtsa. Haka abin da ake kira maganin haƙori. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirof ɗin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa wajen haɗawa, ya lalata ƙodar yara a ƙasar nan har 84 suka rasu, Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin. Farasitamol ma na zazzaɓi da ciwo ne, ba ya cikin abin da ake ba yaro don ya yi barci. Dauri da sauran jiƙe-jiƙe a bar su, zuma kuwa ba a ba yaro ita sai ya cika shekara.

Dalilin farkawarsa yana cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma alamar girma ce. Sabon jariri bai san dare ba bai san rana ba, barcinsa kuma iri biyu ne kawai: mai nauyi, da mai motsi wanda za ki ga idonsa na rawa a ƙarƙashin fata, yana murmushi, yana ɗan nishi. Daga wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara fitar da sinadarin melatonin, mai sa barci, idan duhu ya shiga, shi ya sa kika fara samun awa huɗun nan kina murna. To wajen wata 4 sai barcin ya sake tsari, ya rabu hawa-hawa irin na manya. Yaro zai nutse, ya taso, ya sake nutsewa, kuma kowane zagaye bai wuce minti 50 zuwa awa guda ba. A ƙarshen kowane zagaye yana zuwa dab da farkawa. Mu manya ma haka muke, sai dai namu zagayen ya kai kusan minti 90, kuma mukan juya mu gyara kwanciya mu koma ba tare da mun tuna ba. Shi kuwa barci ya ɗauke shi yana jikinki da nono a baki, ya taso ya laluba bai ji ko ɗaya ba, ga gumi ya jiƙa masa wuya, dole ya kira ki. Ki lura da kyau, "kusan kowace awa" da kika ce, tsawon zagayen nan ne daidai. Yawanci abin yakan lafa cikin 'yan makonni.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga wata 4 zuwa 11 yana bukatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda, har da na rana. Ki haɗa na dare da na rana ki gani, mai yiwuwa ki tarar bai gaza ba. Farkawa sau biyu ko uku don shan nono kuwa, ga yaro mai watanninsa, ba abin damuwa ba ne.

Maganar Inna, surukarki, ta ƙauna ce, ita ma kukan jikanta ne ke hana ta sukuni, kuma haka aka yi musu a zamaninsu. Amma yunwa tana da shaidu, kuma a hannunki suke. Ki ƙidaya jiƙa kunzugu ko famfas daga asuba zuwa asuba: in ya kai sau 6 ko fiye, fitsarin fari ba ja ba, to ruwan jikinsa ya wadata. Ki kasa kunne lokacin da yake sha, za ki ji haɗiya, kuma in ya gama jikinsa ya saki, yatsunsa su buɗe. Babbar shaida ita ce katin awo. Yara sukan ninka nauyin haihuwarsu tsakanin wata 4 zuwa 6. A ma'aunin Hukumar Lafiya, tsaka-tsakin nauyin namiji mai wata 4 kilo 7 ne, kuma daga 5.6 zuwa 8.7 duk lafiya ne. Abin da muke dubawa ya wuce lambar rana guda, muna son mu ga layin da ke katin yana hawa daga awo zuwa awo. In yana hawa, nononki ya isa.

Ruwa fa, da wannan zafin? Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma na farkon da ke fitowa ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. In zafi ya tsananta sai ki yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwa sosai. Kunun da ake tsinkawa don jariri bai kai nono ƙarfi ba, zai cika masa ciki ne ya rage tsotso, nonon ya ja baya, sannan ga ƙofar gudawa an buɗe a lokacin da ruwa da abinci suka fi saurin lalacewa. Uwar da ke neman barcin awa biyu sai ta ƙare a gadon asibiti ana yi wa ɗanta ƙarin ruwa. Nono zalla har ya cika wata 6, wannan ba na sassauta shi. Ban ce ki yi ja-in-ja da Inna ba. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba ta ga sikeli da idonta ta ji daga bakin ma'aikaciya, ko maigida ya zauna da ita ya yi mata bayani cikin ladabi.

Akwai wani abu da iyaye mata ba su cika lura da shi ba. Yaro mai wata huɗu duniya ta fara buɗe masa. Kina ba shi nono a tsakar gida, wani ya yi sallama, sai ya saki ya waiwaya. Akuya ta yi kuka, ya sake saki. Ya sha na minti uku ya ƙi komawa, ke kuma ki ɗauka ya ƙoshi. Abin da bai sha da rana ba shi yake ramawa da dare. Ki riƙa shiga ɗaki da shi inda ba hayaniya, ki bari ya gama da nono ɗaya tukuna ki juya shi ɗayan, ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Wannan kaɗai yakan rage farkawa ɗaya ko biyu.

Sai zafi, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. A Afirilu da Mayu yakan haura digiri 40 da rana, ɗakin kwano da bangon siminti kuma suna riƙe shi har tsakar dare, balle an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Kada ki auna zafin jikinsa da tafin hannunsa ko ƙafarsa. Ki sa bayan hannunki a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in kin ji gumi to kayan sun yi yawa. A cire hula da safa, a bar shi da 'yar riga ta auduga guda ko kunzugu kaɗai. Ledar da ake shimfiɗa masa don fitsari tana tara gumi, a ɗora mata zanen auduga riɓi biyu. Ki ɗaga haɓarsa ki duba lungun wuya, hammata da matsematsi: in kin ga ƙananan ƙuraje ja, ƙurajen zafi ne, suna ƙaiƙayi, suna hana barci. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane lungunan da kyau, a rage mai da hoda. In a tsakar gida kuke kwana babu laifi, amma cikin gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo masa a fuska ba, kuma ki ajiye zane mara nauyi don sanyin asuba. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa da turaren wuta suna toshe masa hanci, jariri kuwa da hanci ya fi numfashi. Janareta a nesa da taga. In hunturu ya zo, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, yana kisa ba tare da an ji warin komai ba.

Abin da zai gyara daren, da safe ake fara shi. Ki fito da shi inuwa da hantsi ya ga haske, a yi masa magana, a yi masa wasa. Yaro mai watanninsa ba ya jure zama ido biyu fiye da awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Da kin ga hamma, yana murza ido, yana kau da kai daga masu yi masa wasa, ki kwantar da shi ko ki goya shi. Kada a hana shi barcin rana wai don ya yi na dare, yaron da ya gaji fiye da kima shi ya fi wahalar kwanciya, shi ya fi yawan farkawa. In kin goya shi ki tabbata fuskarsa na gefe, hancinsa a buɗe, kuma hijabi mai kauri bai rufe shi ruf ba.

Lokutan salla sun ishe ki agogo. Bayan Magariba a yi masa wanka, a ba shi nono, a rage haske, a yi masa addu'a, a kwantar da shi kafin Isha'i ko jim kaɗan bayanta, kuma kullum a bi da bi haka. Ko sau ɗaya a yini ki gwada kwantar da shi idonsa ya yi nauyi amma bai gama tafiya ba, ki ɗora tafin hannunki a ƙirjinsa kina ɗan jijjiga shi. In ya ƙi, ɗauke shi, gobe a sake gwadawa. Da dare in kin ji motsi da nishi, ki dakata minti ɗaya ko biyu kafin ki taɓa shi, domin sau da yawa barci yake yi, ɗaukar ce ke tada shi. In kuka ne na gaske ki ɗauke shi ki ba shi nono a cikin duhu, ba hira, ba hasken waya a fuskarsa. Ba na goyon bayan a bar yaro mai wata huɗu ya yi ta kuka har ya gaji, musamman a wannan zafin.

Kwanciyarsa kuma rigingine ce, dare da rana. Na san ana tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe shi, amma yaro mai lafiya da ke rigingine yana haɗiyewa ko ya tofar, kwanciyar rub da ciki ce ke da haɗari. Mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma a Amurka ta ragu da fiye da rabi bayan gangamin kwantar da jarirai rigingine da aka fara a 1994. Mafi aminci shi ne shimfiɗarsa daban a gefenki. In katifa ɗaya kuke, ta zama mai tauri, ba filo ko bargo kusa da kansa, ba wani yaro a gefensa, kuma ba mai shan taba ko wanda ya sha magani mai sa barci. Kada barci ya kwashe ki da shi a kan kujerar kushin. Tunda ya kusa fara juyawa, a daina naɗe masa hannuwa cikin zane.

Maganar zama kuwa, ki kwantar da hankalinki. Zaunarwa daban, zama daban. Yarinyar da aka sa cikin kwali ko baho aka tokare da tsummoki, tokarar ce ke riƙe da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu lafiya a Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tare da tallafi ba ya kama daga dab da cika wata 4 har zuwa wata 9 da 'yan kwanaki, mafi yawa wajen wata 6. Tafiya da ƙafa daga wata 8 har kusan 18. Wasu kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, daga jan gindi suka miƙe. Yatsun hannu ma ba tsawo ɗaya suke ba. In bakwaini ne, sai a cire makonnin da suka rage masa a ciki kafin a ƙidaya watanninsa.

Abin da nake nema a wurin ɗan wata 4 ba zama ba ne. In kin ɗauke shi a tsaye, wuyansa ya riƙe kansa ba ya langaɓewa. In an sa shi rub da ciki, ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago kai da ƙirji. Ya kai hannu baki, ya riƙe abin da aka sa masa a tafi, ya bi ki da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ya juyo in ya ji muryarki, ya mayar miki da murmushi, ya yi gwaranci in kina masa magana. Dalalar da miyau da cusa hannu a baki na watannin nan ne, ba lalle haƙori ba, shi yakan fito wajen wata 6. Wajen wata 6 ɗin zai juya daga ciki zuwa baya, ya yi dariya mai sauti, ya zauna yana dafa ƙasa da hannuwa. Wajen wata 9 ya zauna da kansa, ya ce "bababa", ya fara ƙiwa. Kuma ki sa ran duk sanda ya koyi sabon abu barcinsa zai ɗan hargitse, za ki farka ki tarar yana ta ƙoƙarin juyawa da ƙarfe biyun dare.

Abin da ke ƙarfafa masa baya shi ne ƙasa. Shimfiɗa zane a tabarma da safe kafin rana ta yi zafi, ki kifa shi yana ido biyu, ke ma ki kwanta gabansa fuska da fuska kina kiran sunansa. Zai ɗago, ya yi nishi, kansa ya yi rawa, ya ajiye, ya sake ɗagowa. Minti uku zuwa biyar sau da yawa a yini, ana ƙarawa a hankali. In za a zaunar da shi, a kan cinyarki kina riƙe da ƙugunsa, na ɗan lokaci, kada a bar shi a kwali ya duƙunƙune shi kaɗai.

Ki kawo shi a duba, ba tare da jiran ranar awo ba, in wuyansa har yanzu yana langaɓewa, ko ba ya kallon fuska, ba ya murmushi, ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ko jikinsa a sanƙare ko a sake tamkar ba ƙashi, ko hannu ɗaya kaɗai yake motsawa, ko ya daina wani abu da ya riga ya iya. Wannan ya fi muhimmanci in ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa ko bai yi kuka da wuri ba da aka haife shi. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha duk suna duba irin wannan, kuma gashin ƙashi da gwajin ji sun fi amfani in an fara da wuri. Wanda kuma ba a kwana da shi a gida: zazzaɓin da ya kai digiri 38, ƙin nono, aman duk abin da ya sha, jijjiga, barcin da ba a iya tada shi, kuka mai tsini da ba ya lallasuwa, maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙidaya ɗagawar ciki na minti guda cur da agogon waya: 50 ko fiye a watanninsa numfashi ne mai sauri. Lokacin zafi lokacin sanƙarau ne a yankinmu, shi ya sa ba ma wasa da zazzaɓi da kumburin maɗiga. Ɗan zafin jiki da rigima na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar rigakafi kuwa sananne ne, in dai yana shan nono.

Ke ma kina cikin lissafin. Uwar da ta yi makonni tana farkawa kowace awa ba ƙaramin nauyi ta ɗauka ba. Maigida ko wata 'yar'uwa a gidan su karɓe shi bayan shan nonon asuba ki samu awa biyu a jere, ki kwanta in ya kwanta da rana ko da wanke-wanke na jira. In kin ga kuka na zuwa miki ba dalili, abinci ya fita ranki, ko kina jin ba kya son ɗaukar yaron, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, ciwo ne da ke kama masu jego kuma yana da magani. In ranki ya ɓaci da tsakar dare, ki ajiye shi rigingine ki fita ki sha iska, kada a girgiza jariri da ƙarfi ko da wasa.

Ki duba katinsa ki tabbata ya karɓi allurar mako 6, mako 10 da mako 14. In ya cika wata 6 ki kawo shi a auna shi, a ba shi bitamin A, a nuna miki yadda za a fara masa kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya tare da nono. In damina ta sauka kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro za su riƙa bi gida-gida wata-wata, ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, shi ma ya isa karɓa, kuma a cika masa kwana ukun kowane zagaye.